JIRGI KO BAKIN GAƁA: WA KE DA KIFIN TAFKUNAN MAGARYA DA DUNGAS?

Daminar shekarar 2024 ta bar tarihi a ƙasar Nijar. Ruwan sama ya sauka fiye da yadda aka saba gani, ya rushe gidaje, ya cinye gonaki, ya kuma hallaka mutane kusan 400 a faɗin ƙasa. A birnin Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba na wannan shekara. Amma ruwan da ya yi wannan ɓarna shi ne kuma ya cika ƙwaruruka da fadamu na kudancin jahar, har ya kwanta a wuraren da aka daɗe ba a gan shi ba. Inda ruwa ya kwanta kifi yakan samu, inda kifi ya samu kuwa maganar rabonsa takan tashi.

Maganar ita ce wannan: a cikin tafkin da gari duka ke ɗauka nasa ne, mutum ɗaya ya sayi jirgin ruwa ya shiga tsakiya da tarunsa, saura kuwa suna tsaye a bakin gaɓa da ƙugiya da koma. Shin mai jirgi ya ci haƙƙin na bakin gaɓa ne, ko kuwa ya nuna masu hanyar ci gaba? Shin ya dace hukuma ta taimaki masunta su mallaki jirage, ko kuwa ta taƙaita yawansu? Wannan tambaya ta shafi mutanen Yekuwa da maƙwabtansu na gundumomin Magarya da Dungas, ta kuma shafi duk ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin kula da ruwaye da dazuzzuka.

ƘASAR DA RUWANTA

Garin Magarya yana kudu da Damagaram da tazarar kilomita kamar 90, kusa da iyakar Najeriya. Gundumarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai, wato Magarya, Bande, Ɗancawo, Kwaya, Tsatsumburum, Waca da Yekuwa. Dungas kuwa da can a ƙarƙashin Magarya take, sai a shekarar 2011 aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, tare da Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Ƙasa ce ta noma wadda take cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Babu babban kogi mai gudu shekara duka a cikinta. Abin da ke akwai shi ne kwarin Korama da rassansa, wanda ya ratsa ƙasashen Matamaye, Mirya, Magarya da Dungas, yana cikin yankin da ruwansa ke gangarawa wajen tafkin Cadi. A cikin wannan kwari ruwan ƙasa ba shi da nisa, shi ya sa ake noman rake da rogo da kayan lambu, shi ya sa kuma ake samun tafkuna tsakanin tuddan rairayi.

Tafkunan nan iri biyu ne, kuma duk maganar jirgi a kan wannan bambanci ta rataya. Akwai masu riƙe ruwa shekara duka ko kusan haka, irin na wajen Waca da Guci, da na Gidimuni da Lasuri da ke can arewa. Tafkin Lasuri ya shiga jerin wuraren dausayi masu daraja a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2005, na Gidimuni kuma a shekarar 2019, tare da na Madarunfa a jahar Maraɗi. Akwai kuma na damina, waɗanda suke cika a watannin Yuli da Agusta, su ja da baya da kaka, su ƙafe kafin bazara. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. A ƙasashen Sahel rana da iska suna shanye fiye da mita biyu na ruwan da ke kwance a fili cikin shekara guda. Sabili da haka tafkin da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba, in dai ba idon ruwa ne ke ciyar da shi daga ƙasa ba, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Bayan farin shekarun 1973 da 1974, da kuma na 1984, hukuma ta mai da hankali ga waɗannan ruwaye ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce noman rani, wanda aka yi wa babban gangami daga shekarar 1984. Ta biyu ita ce zuba irin kifi a tafkuna, aikin da ma'aikatan gandun daji da ruwaye suka riƙa yi tare da taimakon ƙungiyoyin raya ƙasa. Da haka kifi ya zama dukiya a garuruwan da da can ba su san shi ba sai busasshe a kasuwa. Jama'a kuma ta ƙaru ƙwarai: ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan biyar da ɗoriya a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17. Bakunan da ke jiran abin da tafki zai bayar sun ninka har sau uku cikin shekara 35, alhali tafkunan ba su ninka ba.

SU WA KE KAMUN KIFI?

Idan aka dubi bakin kowane tafki na wannan yanki, za a ga mutane kashi huɗu.

Kashi na farko su ne na bakin gaɓa. Yawancinsu manoma ne waɗanda su ba sana'arsu ta gado ba ce. Suna kamu da fatsa, ko su kafa mali a cikin ciyawa, ko su shiga ruwa iyakar ƙugu da koma. Idan tafki ya ja da baya sai a yi su na gayya, maza da yara su faɗa ruwa gaba ɗaya, daga baya kuma a haƙo gaiwa daga cikin taɓon da ta ɓuya. Abin da suke samu na miyan gida ne, in ya yi saura a sayar a sayi gishiri da sabulu.

Kashi na biyu su ne masu gora. Mutum yakan kwanta a kan babbar gora, ya yi iyo da hannu da ƙafa, ya je ya shimfiɗa kalli ko mamari a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Gora jirgin talaka ce: tana da arha, ana ɗaukarta a ka daga wannan tafki zuwa wancan, amma ba ta ɗaukar kaya mai yawa, kuma da sanyin hunturu zama a kanta azaba ne.

Kashi na uku su ne masu jirgi. Daga cikinsu akwai masunta na gado, masu bin ruwa duk inda ya samu, waɗansu daga wasu jihohin ƙasa, waɗansu daga ƙetaren iyaka. Akwai kuma ƴan kasuwa da ma'aikata waɗanda ba su taɓa jefa birgi ba, amma sun sayi jirgi da taru sun ba wani yana yi masu aiki, ana raba abin da aka samu.

Kashi na huɗu ba su da yawa, amma bai kamata a manta da su ba: masu kamun kifi don nishaɗi. Malamin makaranta ne ko ma'aikacin ofis wanda yakan ɗauki sandar fatsa ranar hutu, ko samari ƴan makaranta lokacin da aka tashi hutu. Ba yunwa ce ta kawo su ba, amma kifin da suka kama daga tukunya ɗaya ya fito da na sauran. Daga cikinsu ne kuma akan sami mai ɗan hali wanda zai ce ya gaji da zaman gaɓa, bari ya sayi jirgi. Ranar da ya saya kuwa, da wuya jirgin ya kwana shida a ɗaure yana jiran Lahadi. Zai ba da shi haya, daga nan nishaɗi ya koma kasuwanci ba tare da an canza masa suna ba.

LISSAFIN JIRGI

Amfanin jirgi a fili yake. Manyan kifaye, irin su giwan ruwa da manyan tarwaɗa, a zurfi suke zama, musamman da rana da kuma lokacin da ruwa ya fara raguwa. Mai jirgi yana isa gare su, yana shimfiɗa taru mai tsawo da yamma ya kwashe da asuba, yana kuma fitowa da kifinsa da rai a lokacin da mai saye ke jira. Bugu da ƙari, jikinsa ba ya daɗewa cikin ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cutar tsargiya a ruwan bakin gaɓa take, inda ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ita ke zama cikin ciyawa. Wanda ya wuni tsaye cikin wannan ruwa yana sayen kifinsa da lafiyarsa.

Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Jirgi yana son jari, kuma jarin ba ya tsayawa ga ranar saye. A da akan sassaƙa jirgi daga gungumen babban itace irin maɗaci. Yau irin waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci, dokar daji kuma, tun daga ta shekarar 1974 har zuwa ta 2004, ta sanya waɗansu itatuwa cikin kariya, ba a sare su sai da izini. Sabili da haka jirgin katako ake haɗawa, katakon kuwa da ƙusoshi da zaren taru yawanci daga kasuwannin Najeriya suke zuwa. Duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa masunci. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake gani bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba wa Nijar a shekarar 2023. Faɗuwar darajar naira ita ma wuƙa ce mai baki biyu: tana sauƙaƙa sayen kaya ga mai riƙe da sefa, tana kuma rage abin da zai samu idan ya kai bandarsa kasuwar ƙetare.

Bayan saye akwai gyara. Jirgin katako da ya kwana wata biyar a kan busasshiyar ƙasa yakan tsage, gara kuma ta shige shi. Nan ne bambancin tafkuna ke bayyana. A tafki mai ruwa shekara duka, jirgi yana aiki wata goma ko fiye, yana iya mai da kuɗinsa. A tafkin damina kuwa watanni kaɗan ne ruwa ke da zurfin da zai ɗauki jirgi, bayan haka yaro ma yana ratsa shi da ƙafa. Mai jirgin da ya ci bashi ya saya yana da hanya biyu kawai. Ko dai ya ɗora jirgin a amalanke ya bi tafkunan waɗansu garuruwa, inda za a dube shi a matsayin baƙo, ko kuwa ya matsa wa tafkin garinsu, ya kwashe duk abin da zai iya cikin ƴan makonni domin ya biya mai bashi. Ta hanyar farko rigima ke tashi tsakanin gari da gari, ta biyu kuma tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Akwai kuma maganar wanda ke cin riba. Sau da yawa mai tuƙa jirgi ba shi ne mai shi ba. Dillalin kifi ne ya ba shi jirgi da taru, bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai shi, a kan farashin da shi dillalin ya yanka. Idan na bakin gaɓa ya ga jirgi ya fito cike da kifi sai ransa ya ɓaci da matuƙin, alhali kuwa matuƙin ɗan ƙodago ne kamarsa, ribar tana can ta hau mota ta tafi birni.

ABIN DA KIFI KE BUKATA

Ruwa ba ya tsami banza. Idan kifi ya ragu a tafki, na gaɓa yakan ce jirgi ne, mai jirgi kuma ya ce ƴan gaɓa ne. Wanda ya san rayuwar kifi ya san kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma yana da laifi.

Gargaza, wadda waɗansu ke kira karfasa, a ruwa marar zurfi take hayayyafa. Namijin yakan haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa da farkon damina take bin sabon ruwa ta shiga ciyawar da ruwa ya rufe ta zuba ƙwai. Ashe ke nan bakin gaɓa shi ne ɗakin haihuwa da wurin renon kifi. Wanda ya ja gidan sauro a wannan wuri, ko taru mai ƙananan idanu, ya kwashe ƴaƴan da ba su kai tsayin yatsa ba, ya ci girbin baɗi tun yana tsiro. Gidan sauron da aka raba domin kare mata da yara daga zazzaɓin cizon sauro ya zama kayan su a wurare da yawa na Afirka, hasara biyu ke nan a lokaci guda.

Tsakiyar tafki kuma ita ce mafakar iyaye. Kafin jirage su yawaita, akwai wurin da hannun mutum ba ya kaiwa, nan manyan kifaye ke tsira daga shekara zuwa shekara, su ne ke sake cika tafki idan damina ta dawo. Zurfin ruwa ne ke tsare su, ba wata doka ba. Jirgi ya kawar da wannan tsaro. Idan aka shimfiɗa kalli daga wannan gefe zuwa wancan, dare da rana, har lokacin da ruwa ya tattaru wuri guda, to babu uwar da za ta rage. Tafkin da aka kashe ƴaƴansa a gaɓa, aka kashe iyayensa a tsakiya, ba ya bukatar fari kafin ya mutu.

Ban da masunta akwai waɗansu abokan gaba. Rairayi yana gangarowa daga gonakin da aka share har bakin ruwa, yana cike tafki shekara bayan shekara. Ciyawar kacala tana mamaye ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta hana mai fatsa wurin tsayawa. Mutanen kwarin Haɗeja da Nguru a Najeriya sun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Calawa a 1992, tafkunan jahar Damagaram ma ba su tsira daga gare ta ba. Maganin ƙwari da ake fesawa a lambunan bakin tafki shi ma yana komawa cikin ruwa. Waɗannan ba su bambanta mai jirgi da mai koma.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Bisa dokokin Nijar, ruwan tafkunan da Allah ya yi dukiyar al'umma ne a ƙarƙashin kulawar gwamnati. Sayen jirgi ba ya ba mutum mallakar tsakiyar ruwa, haka nan gonar da ke bakin tafki ba ta ba mai ita mallakar kifin da ke gabanta. Dokar su ta farko bayan samun mulkin kai ita ce ta shekarar 1971. Dokar ranar 7 ga Disamba 1998 ta maye gurbinta, ta kuma kasa takardar izinin su gida uku: ta kasuwanci, ta binciken ilimi, da ta nishaɗi. Ta haramta kamun kifi da guba da abubuwa masu fashewa, da taru mai ƙananan idanu, da tarun da ake ja yana share ƙasan ruwa. A shekarar 2021 aka yi sabuwar doka wadda ta haɗa su da kiwon kifi wuri guda.

Abin lura a nan shi ne, abin da aka fi sa wa ido shi ne kayan kamu da niyyar mai kamu. Wanda ke sayar da kifi ɗan kasuwa ne ko da a gaɓa yake tsaye, wanda kuma ya ce nishaɗi yake yi bai kamata a gan shi da taru da ƴan aiki ba.

Tafki kuma ba na masunta kaɗai ba ne. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, dokar makiyaya ta shekarar 2010 kuma ta tabbatar wa dabbobi hanyar zuwa mashaya. Sarakunan gargajiya su ne ke fara yin sulhu kafin magana ta kai gaban alƙali. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Inda gizo ke saƙa shi ne, ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, tafkuna kuwa suna warwatse, yawancin masu kamun kifi kuma ba su taɓa jin an karanta masu dokar cikin harshensu ba. Hausawa kan ce kifi na ganinka, mai jar koma. Mai taru na haram shi ma yana hango babur ɗin ma'aikaci tun daga nesa.

DARASI DAGA WAƊANSU WURARE

A Argungu ta ƙasar Kabi ana bikin su wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a shekarar 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Baƙi suna kallon girman kifin da ake fitarwa, amma asirin yana wani wuri. Ana tsare ruwan Matan Fada, ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe, kuma kowa da gora da koma yake shiga. Hutun da aka ba ruwa da daidaiton kayan kamu su ne ke haifar da manyan kifaye. Wannan hikima ce ta sarakunan ruwa, ta riga dokokin zamani.

A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, masu jari sun yawaita tarun ja da ake kira dala, yana kwashe ƙananan kifaye ba adadi. A cikin shekarun 1990 hukumomi suka haramta shi, aka kuma jawo sarakuna da shugabannin masunta cikin aikin tsaro, domin an gane cewa ma'aikaci shi kaɗai ba ya iya gadin ruwa.

Tafkin Cadi ya nuna wani abu dabam. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kamar 25,000 a farkon shekarun 1960, amma cikin shekarun fari ya janye har ɓangaren Nijar ya bushe, jirage suka kwanta a kan rairayi. Da ruwa ya dawo su ya farfaɗo, sai kuma rashin tsaro ya sa aka hana kamun kifi da cinikinsa a jahar Difa daga 2015 zuwa 2019. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka cikin jirgi ya fi kowa jin jiki a lokutan biyu.

Ƙasashen da masu su don nishaɗi suka yi yawa su ma sun yi wannan muhawara. A Faransa, dokar 29 ga Yuni 1984 ta ɗora wa mai kamun kifi a ruwan daɗi nauyin kula da ruwan, kuma sai ya shiga ƙungiya ya biya kuɗin kati kafin ya jefa ƙugiya. A Amurka tun 1950 ake karɓar haraji a kan kayan fatsa ana mai da shi ga gyaran ruwaye, a 1984 kuma aka ƙara da wani kaso na harajin man jiragen ruwa masu inji. Ma'anar ita ce, wanda ya fi ɗiba shi ya fi zubawa, kuɗin kuma ruwan suke komawa.

INA MAFITA?

Hana jirgi gaba ɗaya ba shi da amfani. A tafki mai zurfi, kifin da ba a kama ba tsufa zai yi ya mutu, alhali mutumin Nijar yana cin kifi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da matsakaicin duniya, wanda ya wuce kilo 20 ga mutum a shekara, yaran karkara kuma suna bukatar abinci mai gina jiki. Sakin jirage ba iyaka shi ma hanyar hasara ce. Abin da ya dace yana tsakanin biyun, kuma ana iya tsara shi kamar haka.

Da farko, a ƙidaya tafkunan kowace ƙaramar hukuma, a ware masu riƙe ruwa da na damina. A na damina babu dalilin ƙarfafa wa kowa guiwa ya ci bashin jirgi. Tun da ruwan zai ƙafe ko an so ko ba a so, abin da ya fi shi ne a zuba iri da wuri, a tsare shi har kifi ya girma, sa'an nan a sa ranar su kowa ya shiga.

Na biyu, a manyan tafkuna a yanke yawan jirage da tsawon taru gwargwadon girman ruwa, a rubuta sunan kowane mai jirgi, na gida da baƙo. A keɓe wani yanki na tsakiya wanda ba a shimfiɗa taru a cikinsa, a kuma bar wa masu fatsa da mali zagayen gaɓa, bisa sharaɗin su ma su bar gidan sauro da ƙananan idanu.

Na uku, a rufe ruwa ga kowa lokacin hayayyafa, daga faɗuwar damina har ƴaƴan kifi su yi ƙwari. Rufewar da ta kama talaka ta bar mai jirgi ba za ta daɗe ba.

Na huɗu, inda jirgi ya zama dole, ƙungiya ta mallake shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masunta goma da suka haɗa kuɗi suka sayi jirgi biyu suna karɓa-karɓa sun fi ƙarfin dillali, sun kuma rage wa tafki nauyi. A sa matan da ke soya kifi da masu banda cikin ƙungiyar, domin su ne suka fi kowa sanin ranar da kifi ya fara ƙanƙancewa.

Na biyar, wani kaso na kuɗin izini da na tara ya riƙa komawa ga tafkin da aka karɓe su, a sayi irin kifi, a yanke kacala, a dasa itatuwa a tare rairayi. Mai su don nishaɗi ya karɓi takardarsa kamar kowa, ya tsaya ga sandarsa, in kuwa ya sayi jirgi ya ba da haya to ya biya abin da ɗan kasuwa ke biya.

A wannan aiki waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna da babban matsayi. Kowane kwamitin tafki yana bukatar mai rubuta ranar rufewa da ranar buɗewa, da sunayen masu jirage, da yawan kwandunan da aka fitar, da kuɗin da ya shiga da inda ya tafi. Yarjejeniyar da aka rubuta da Hausa, aka karanta a gaban mai gari da sarkin ruwa da wakilin makiyaya da ma'aikacin gandun daji, kowa ya sa hannu, ta fi ƙarfin wadda aka bari a baki. Littafin da aka cika shekara uku a jere zai nuna ko kifi ƙaruwa yake ko raguwa, gardama kuma ta ƙare a kan shaida.

Tun ran gini ran zane. Lokacin yin wannan shawara shi ne rani, sa'ad da tafki ke bushe, hankalin kowa yana kwance, babu kifin da ake hange. Ya rage ga shugabannin gundumomin Magarya da Dungas, da hukumomin Yekuwa da sauran ƙananan hukumomi, da sarakuna da masu gari, su kira wannan zama kafin ruwan farko ya sauka.